Yadda magana ke dawowa bayan maganin sankarar maƙogwaro: jagora ga mara lafiya da mutanen gidansa

Kawuna dillalin shanu ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, mutumin da muryarsa ce jarinsa. In ya ce "albarka" a wannan gefen kara, na wancan gefen ma ya ji. Da damina muryar ta fara dishewa. Aka ce mura ce, aka ce sanyi ne, aka sha zuma da citta da kanumfari har hunturu ya shigo. Sai da numfashinsa ya fara ƙara da dare muka kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta wa ORL a ƙofar ofishinsa. Daga nan aka tura mu kudu, mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. An cire masa maƙogwaron gaba ɗaya. Ranar sallama an ba mu takardar magunguna da ranar dawowa, amma babu wanda ya zauna da mu ya nuna yadda mutumin nan zai sake cewa "ruwa". Abin da ke ƙasa shi ne abin da na so a ce an faɗa mana a ranar.

Kafin komai: duk muryar da ta dishe ta wuce mako 3 ba ta washe ba, musamman ga mai shan taba ko giya, a kai ta likita ya leƙa. Sankarar da aka kama da wuri sau da yawa ana magance ta ba tare da an cire maƙogwaro ba.

Ku fara sanin me aka taɓa, me aka bari

Magana abu uku ce. Huhu ya turo iska. Iskar ta ratsa tantani biyu da ke cikin akwatin murya, a bayan zakaran wuya, su yi rawa su ba da amo. Na namiji sukan kaɗa wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa, na mace wajen 200. Sannan harshe da leɓe da haƙora da ganɗa su sassaƙa amon ya zama kalma. Sankarar maƙogwaro da maganinta na tsakiyar suke taɓawa. Huhu yana nan, harshe yana nan, Hausar da ke kai tana nan. Duk aikin da za a yi, neman sabon abin da zai ba da amo ne, ko lallaɓa tsohon ya ci gaba da aiki.

Saboda haka tambayar farko ga likita ita ce: wane irin magani aka yi, ko za a yi? In gashi ne da haske, wanda suke kira radiyoterapi, ko shi kaɗai ko haɗe da ƙarin ruwan maganin sankara, akwatin murya yana nan. In an yanke wani ɓangare ne, ko an kankare ƙarin ta baki da leza, wani haske mai yanka, akwai sauran abin da zai yi amo. In kuwa an cire shi gaba ɗaya, to an raba hanyar iska da hanyar abinci har abada: an jawo bututun iska an ɗinke bakinsa a gindin wuya, ta wannan ƙofar wuyan mutum zai riƙa numfashi, hanci da baki kuma sun koma na abinci da magana kaɗai. Wannan aikin tsoho ne, wani likita Theodor Billroth ya fara yin sa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1873, kuma tun lokacin mutane ke sake koyon magana bayansa.

Abin da za a yi kafin a shiga ɗakin tiyata

In Allah ya sa kuna karanta wannan kafin aiki, kada ku bar kwanakin nan su wuce a zaman jigum. Ku ɗauki waya ku naɗi muryarsa. Ya yi sallama, ya kira sunayen 'ya'yansa, ya yi wa jikoki addu'a, ya kuma naɗi gajerun saƙonni masu amfani, kamar "ku zo ina bukatar taimako" da "ina lafiya, kada ku damu". Mu ba mu yi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ku shirya yadda za a fahimci juna a makonnin farko, domin zai farka ba murya, da bututun abinci a hanci. Wanda ya iya boko ko ajami, a saya masa ƙaramin allo da alli ko littafi da biro. Wanda bai iya ba, a zana masa hotuna a kwali ɗaya: kofin ruwa, buta, bargo, fanka, wurin ciwo, agogo. A yi yarjejeniyar alamu tun yanzu: bugu ɗaya "i", bugu biyu "a'a", bugu da yawa a jere "ku zo da gudu". Wannan yana aiki har ta waya, ya ƙwanƙwasa da farce a jikinta. A ajiye masa cokali da kwanon sha a gefen gado, su ne ƙararrawarsa.

Sannan ku tambayi likitan fiɗa ko akwai mai koyar da magana a asibitin. Da Faransanci ana ce masa ortofonis. Sun fi yawa a Yawunde da Duwala, don haka ko zama biyu ko uku kuka samu da shi kafin ku hau jirgin dawowa, ku naɗi zaman a bidiyo, shi zai zama malaminku a gida. In gashi za a yi, a ga likitan haƙori tukuna, a cire ruɓaɓɓun haƙora kafin a fara, domin ƙashin muƙamuƙin da haske ya ratsa ba ya saurin warkewa in aka cire haƙori daga baya.

In akwatin murya yana nan

Gashi yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana 5 a mako. Abin da ke tsorata mutane shi ne murya takan ƙara lalacewa a ƙarshen gashin da makonnin da ke biye, har wani ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Kumburi ne da bushewa. Yawanci takan fara washewa cikin wata 2 zuwa 3, ta ci gaba da gyaruwa a hankali har wajen shekara. Ba lallai ta koma yadda take da can ba. Takan yi ɗan kaushi, ta gaji da wuri, ta fi nauyi da safe. Wanda aka yanke wa ɓangare kuma muryarsa takan fito da iska-iska, kamar ana hura wuta.

Babban abokin gaba a ƙasarmu bushewa ce. Haske yakan raunana masu samar da yawu, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusiri, ga ƙurar hunturu. A riƙe gorar ruwa a hannu, ana kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, maimakon a shanye moɗa guda a zauna. A yi sirace da ruwan zafi zalla sau biyu a rana, ba tare da an zuba man zafi ko ganye mai yaji ba. Taba kowace iri, ta sha da ta gari da shisha, an yi bankwana da ita, haka giya. Ci gaba da su yana ɓata muryar, yana kuma buɗe wa ciwon ƙofar dawowa. Hayaƙin murhu da turaren wuta a rage kusantarsu.

Abu biyu ne mutane ke yi da niyyar lallaɓa murya alhali wahalar da ita suke yi. Ɗaya raɗa: mai matsa raɗa yana ɗaure naman wuya ne, gara ya yi magana a hankali da ainihin muryarsa. Ɗaya kuma yawan kakari da gyaran murya, wanda ke gwara tantanin biyu da ƙarfi. In an ji abu ya tsaya, a kurɓi ruwa a haɗiye.

Ga motsa murya mai sauƙi, in likita ya ba da izini. A zauna a miƙe, a saki kafaɗu. A rufe baki a yi "mmm" a hankali har a ji leɓe da hanci suna ɗan zirzir, sannan a buɗe shi zuwa "ma, me, mi, mo, mu". Bayan haka a sa tsinken shan lemo cikin kofi mai ruwa kaɗan, a hura ana yin "uuu" ruwan yana tafasa a hankali, a hau sama a sauko kamar jiniya. Minti 5 sau uku ko huɗu a rana ya fi rabin awa a zama ɗaya. In ya fara zafi ko murya ta ƙara toshewa, a tsaya. Wannan na masu akwatin murya ne kaɗai.

A kula da ƙwannafi, domin tsamin ciki in ya hau yana ƙona maƙogwaron da bai gama warkewa ba: a rage yaji da maiƙo da shayi mai kauri, a bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga kan gado. A riƙa gwada buɗe baki kullum. In yatsu uku a jere ba sa shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, muƙamuƙi ya fara ƙagewa, a gaya wa likita. Miyar kuɓewa da ta kuka da karkashi suna taimaka wa tuwo ya wuce a busasshen maƙoshi. Kilishi sai a haƙura tukuna. Wanda yake ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa, kada a ɗauke shi wasa, abin yana iya gangarawa huhu.

In an cire shi: ƙofar wuya ce farko, magana ta biyo baya

Wanda majina ta toshe wa numfashi ba zai koyi magana ba, don haka a fara da nan. Hanci aiki uku yake yi wa iska: ya tace ta, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Yanzu iskar kai tsaye take faɗawa huhu, da ƙurarta da bushewarta. Shi ya sa majina ke yawa, ta yi kauri, ta bushe ta zama ɓawo, wani lokaci da ɗan jini.

Safe da yamma a wanke hannu da sabulu, a tsaya gaban madubi da fitila, a goge gefen ƙofar da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a yi amfani da auduga mai zare ko takarda mai marmashi, iska za ta ja su ciki. In ɓawo ya kama, a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a famasi har ya yi laushi, sannan a yi tari a goge. In an sallame shi da bututu a ƙofar, a cire a wanke kamar yadda ma'aikatan jinya suka nuna. Lokacin tari, wuya za a rufe da hankici. Hannu yakan ɗauki makonni yana zuwa baki kafin ya saba.

Akwai ɗan matacin soso da ake mannawa a ƙofar, mai riƙe ɗumi da laimar numfashi, ana canza shi kullum. Yana da kyau ƙwarai, amma tsada da nisa sukan hana. Abin da muka yi, matar Kawu ta ɗinka masa ƙananan mayafai na farin yadin auduga, ninki biyu, da igiya a ɗaure a bayan wuya, kamar guda goma. Kullum ana wanke su a shanya. Da hunturu ana ɗan yayyafa wa na wuyansa ruwa, a shanya jiƙaƙƙen zane a ɗakin kwana, a yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. In zai hau babur ko ya shiga kara, ya ƙara da hirami ko jelar rawani a kai, sako-sako.

Ruwa kuwa haɗari ne na gaske. Wanka da moɗa, daga kafaɗa zuwa ƙasa, a sunkuya a wanke kai daban da tawul a wuya. Iyo ya ƙare. Shiga kwalekwale a kogin Binuwai ko na Logon sai in dole, domin wanda ya faɗa ruwa ba shi da hanyar riƙe numfashinsa.

Hanyoyi uku na sabon amo

Ta farko na'ura ce mai kamar ƙaramar tocila, mai batir. Ana danna kanta a wuya, a latsa maɓalli, ta tura rawa cikin maƙoshi, baki ya mayar da rawar kalmomi. Ita ce mafi saurin koyo, wani cikin kwanaki. A nemi wuri mai laushi a gefen wuya ko ƙarƙashin haɓa, a manna kan na'urar sosai, domin in akwai rata ƙarar waje za ta fita ta danne maganar. A latsa daidai lokacin da baki ya fara motsi, a saki a ƙarshen kowace gaɓar zance. A buɗe baki fiye da yadda aka saba, a yi magana a hankali, kuma kada a turo numfashi, ba a bukatarsa, fitar iska ta wuya hayaniya kawai take ƙarawa. In gashi ya sa wuya ya yi tauri, a gwada kunci, ko irin mai siririn bututu da ake sawa a gefen baki. Amonta na inji ne, yara za su yi ta kallo a farko. Mai saye ya nemi wadda ake iya hawa da sauka da sautinta da yatsa, zan faɗi dalili a gaba, ya kuma tanadi batir na biyu saboda ɗaukewar wuta.

Ta biyu ɗan bawul ne na roba mai laushi, wato 'yar ƙofa mai barin iska ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Likita yakan huda ƙaramar kafa tsakanin bututun iska da hanyar abinci ya sa shi. In mutum ya toshe ƙofar wuya da babban yatsa ya fitar da numfashi, iskar huhu sai ta bi ta bawul ɗin ta shiga saman hanyar abinci, naman wurin ya kaɗa ya ba da amo. Eric Blom da Mark Singer ne suka fito da wannan dabara a Amurka wajen 1980, kuma ita ce ke ba da magana mafi tsawo da ƙarfi, tunda huhu ne ke tura ta. Sai dai tana da sharaɗi. Ana goge bawul ɗin da ɗan burushinsa kullum, kuma duk da haka bayan 'yan watanni fumfuna kan ci shi ya fara yoyo, alamar ita ce tari duk lokacin da aka sha ruwa. Dole a canza shi, kuma gwani ne ke canzawa. In ya fice, kafar tana iya tsukewa cikin awoyi, yana kuma iya faɗawa huhu, sai an garzaya asibiti. Don haka kafin ku amince, ku tambaya ƙarara: wa zai canza mana shi, a wane gari, nawa ne, kuma akwai shi a ajiye? Mutumin Marwa ko Njamena da zai yi tafiyar kwana biyu duk lokacin da bawul ya yi yoyo, ya auna da kyau.

Ta uku ita na fi so in tsaya a kanta, don ba ta bukatar batir ko sefa ko jirgin ƙasa. Magana ce da iskar da aka tara a saman hanyar abinci, a sako ta kamar gyatsa, a sassaƙa ta da baki. Tana da wuya, takan ɗauki watanni, kuma ba kowa ke samunta ba, musamman wanda gashi ya ƙagar wa maƙoshi. Amma ra'ayina shi ne duk wanda ke zaune nesa da babban asibiti ya gwada ta da gaske, ko yana da na'ura, domin ranar da batir ya mutu ita ce ke tare da shi.

Ba a farawa sai likita ya ce ɗinki ya warke, an cire bututun hanci, abinci yana wucewa. A zauna a natse, ba a kan cikakken ciki ba. Matakin farko shi ne jin wurin: in gyatsa ta zo da kanta bayan cin abinci, a buɗe baki a bar ta ta fito da "aaa", a lura da inda ta kaɗa a wuya. A wannan gida an ɗage kunyar gyatsa, a gaya wa kowa. Mataki na biyu tura iska da gangan: a rufe leɓe da 'yar iska a baki, a manna harshe a ganɗa, a matsa shi baya kamar famfo, iskar ta gangara kaɗan. Ba haɗiya ba ce. In aka haɗiye, ciki za ta tafi ta kumbura shi. Ana so ta tsaya a sama, a sako ta nan take. Wasu sun fi samunta ta hanyar baƙaƙe masu fashewa, su yi ta maimaita "ta, ta, ta" ko "ka, ka, ka" da ƙarfin harshe har iskar ta shige da kanta amo ya biyo.

In amo ya fara zuwa sau da yawa in an neme shi, sai a hau gaɓa ɗaya: to, kai, ke, ci, sha. Sannan biyu: tuwo, kofi, Baba, Inna. Sannan a ja wasali ya yi tsawo, daƙiƙa ɗaya, biyu. Daga nan gajerun jimloli, ana ƙara iska a tsakani: "ba ni... ruwa". Minti 5 zuwa 10, sau da yawa a yini. Kurakurai biyu a kiyaye tun farko, don in sun zama ɗabi'a cire su wahala ne: hura iska da ƙarfi ta ƙofar wuya lokacin magana, da sabawa da 'yar raɗar baki mai ƙyas-ƙyas wadda ba amo a cikinta. Kawu ya yi mako bakwai ba abin da ke fita sai iska, ya jefar da madubin da yake gwaji a gabansa sau biyu. Kalmarsa ta farko "to" ce, ya faɗe ta ga matarsa da ta ce masa abinci ya sauka. Ta ajiye kwanon ta fita bayan ɗaki, mun ji kukanta.

Abin da Hausa ke bukata na musamman

Mai koyar da magana da Faransanci ba lallai ya lura da wannan ba. Hausa harshe ne mai karin sauti. "Wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Na'urar da amonta ke tafiya a miƙe tana shafe wannan bambanci, shi ya sa na ce a nemi mai hawa da sauka. Sannan baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, a maƙogwaro ake ƙulla su. In babu shi, "baƙi" yakan koma "baki", "ƙara" ta koma "kara", "ɓata" ta koma "bata". Harafin h ma yakan ɓace tunda iskar huhu ba ta bi ta baki, "hula" ta fito kamar "ula".

Maganin abin shi ne a daina jefa kalma ita kaɗai. A ce "miyar kuka", a ce "baƙi sun zo", mai ji zai gane daga abokan tafiyarta. A riƙe tsawon wasali da kyau, domin shi yana hannun baki: dogon ya yi tsawo sosai, gajeren ya yanke. A zauna da mutum ɗaya na gida, mai haƙuri, ya juya baya, mara lafiya ya faɗi kalma, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. Kalmomin da suka faɗi a rubuta su, gobe da su za a fara. Wanda ke jin Fulatanci ma ya gwada, amma ya san ɓ da ɗ suna can su ma.

Aikin mutanen gida

A nan aka fi yin kuskure, kuma da ƙauna ake yin sa. Baƙo ya zo dubiya ya ce, "Alhaji, ya jiki?", kafin Alhaji ya tara iska, mutum uku sun amsa "da sauƙi". In aka yi haka wata guda, ya daina ƙoƙari. Ku jira. Ku kashe rediyo, ku fuskance shi a wuri mai haske ku kalli bakinsa. In ba ku gane ba, ku faɗi abin da kuka kama, "Kawu, na ji kasuwa, sauran fa?", kada ku gyaɗa kai alhali ba ku ji ba, yana ganewa kuma yana masa ciwo. Kada ku ɗaga murya, kunnensa lafiya lau. Kada a mayar da shi ɗaki in an yi baƙi, kada a yanke shawarar gida a bayansa. Baƙin ciki da fushi da ƙin fita sukan zo. In ya daina cin abinci ko barci, ko ya nuna ya gaji da rayuwa, a gaya wa likita. Kasala da jin sanyi da kumburin fuska kuma wani lokaci daga ƙullin wuyan nan ne da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin gashi da tiyata sukan raunana shi. Gwajin jini ke nunawa, ƙwaya ke gyarawa, kuma rauninsa yana shafar muryar ma.

Salla ba ta tsaya ba. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin karatun asirce shi ne motsa harshe, kuma wannan yana iyawa. Wajen alwala ya ɗan sunkuya kada ruwan fuska ya gangara wuya, darduma kuma a riƙa kakkaɓe ta saboda sujada. Azumi a zafin nan yana ƙafar da majina, a tambayi likita da malami tare, mara lafiya yana da rangwame.

Ƙanshi yakan tafi, ɗanɗano ya ragu, tunda iska ba ta ratsa hanci. Akwai dabara: a rufe leɓe, a yi kamar ana ɓoye hamma a gaban surukai, haɓa da harshe su sauka, a maimaita da sauri sau da yawa, wannan yana jan 'yar iska ta hanci. A gwada da kanumfari ko ɓawon lemo. Tunda ba zai ji warin gas ko ƙauri da wuri ba, a kula masa da wannan.

Takardar aljihu da alamun komawa asibiti

A rubuta ƙaramar takarda a lulluɓe ta da leda, ta zauna a aljihunsa kullum, da Hausa da Faransanci: "Ta wuya nake numfashi", "Je respire par le cou", da lambar wani na gida. In ya suma ko ya yi haɗari, a buɗe wuyan, a share ƙofar, iskar oksijin da hura numfashin ceto duk a wuya ake yin su, na baki da hanci ba ya kaiwa huhu. Ku faɗa wa ma'aikacin asibitin unguwarku tun yanzu, kada ku jira ranar.

A garzaya asibiti nan take in numfashi ya yi wuya ko ya fara ƙara, in jini ya fito da yawa, in ƙofar wuya tana tsukewa, in yawu ko abinci na ɓullowa ta wurin ɗinki, ko zazzaɓi ya zo da majina mai wari. A nemi ganin likita cikin kwanaki in muryar da ta fara gyaruwa ta koma baya, in haɗiya na ƙara wuya, in ciwon kunne na gefe ɗaya ya ƙi tafiya, in ƙullutu ya fito a wuya, ko rama ta ci gaba. Ranakun dubawa kuma kada a tsallake ko da jiki ya yi garau, musamman a shekara 2 na farko, lokacin da ciwon ya fi yawan dawowa. Ku fara tara kuɗin mota da na jirgi tun ranar da kuka dawo, ku ajiye duk takardun aikin da na gashi a leda ɗaya, ku ɗauki hotonsu a waya.

Kawu ya koma kara bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, kalma huɗu ko biyar sai ya tsaya ya ƙara iska, kuma ba ta ratsa hayaniya. Ƙaramin ɗansa ke tsayawa kusa da shi yana ɗaga farashi da ƙarfi. Amma in ciniki ya zo ƙarshe, yakan ja hannun mai saye gefe, ya matso da kunnensa, shi da kansa ya ce masa "na sallama".